Shugabanmu ya ce a kwashe sabobin kamfani zuwa Linux a hutun Sallah, ina neman shawara

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an yini lafiya. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa yin irin wannan aikin da hannunsa.

Ni ke kula da ɗakin saba, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanai da manhajojin aiki, a wani babban kamfanin sarrafa kayan abinci a nan Kano. Muna da masana'anta biyu da depo a jihohi da dama. Sabobinmu 58 ne in aka haɗa da na VM (sabar da ake ƙirƙira da manhaja a cikin wata na'ura), kusan dukansu Windows Server, wasu sigar 2016, wasu ta 2019. Akwai ma guda shida da har yau 2012 R2 ke kansu, wanda tallafinsa ya ƙare tun 10 ga Oktoban 2023. Lasisi da dala ake lissafa mana shi. Kun san a farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da muke biya ya ninka kusan sau uku alhali ko na'ura ɗaya ba mu ƙara ba.

Shekaranjiya a taron manajoji shugaban kamfani ya ce ya ji Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, kyauta ne, don haka a kwashe komai a mayar can, kuma a yi a hutun Babbar Sallah tunda muna rufe masana'anta kwana huɗu. Ni ina son Linux, shekaru ina amfani da shi a gida. Amma tun da aka tashi daga taron nan ban yi barcin kirki ba. Mu huɗu ne a sashen, ni kaɗai na iya shi sosai. Ta ina zan fara?

Sadauki_Ubuntu:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai wannan abin murna ne, mutane nawa ke roƙon ogansu ya yarda bai yarda ba! Tun Nuwamban 2017 manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukansu Linux suke amfani da shi, babu ko ɗaya da ta fita zakka. Amazon tun 2001 ya koma, kuɗin da yake kashewa kan fasaha ya sauko daga dala miliyan 71 zuwa 54 a wata uku. Shi kansa Microsoft da shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya taɓa kwatanta Linux da ciwon daji a 2001, yau fiye da rabin aikin da ke gudana a Azure, sabobin da suke bayarwa haya ta intanet, kan Linux yake. Ka sa Ubuntu Server, wani nau'in Linux, ka rubuta komai a Ansible mai saita sabobi da yawa a lokaci ɗaya, kwana huɗu ya ishe ka. In kana son hannu zan zo na taya ka, ba sai an biya ni ba.

Malam Akawu:
Ni ba injiniya ba ne, lissafin kuɗi nake yi, amma wannan labarin na Amazon na san shi. Gaskiya ne an samu ragin dala miliyan 17 idan aka kwatanta da irin watannin a shekarar da ta gabata. Sai dai su da kansu sun ce har da saukar farashin layukan sadarwa a ciki, ba Linux kaɗai ba. Kuma daga Unix suka taso, wanda ɗan'uwan Linux ne na jini. Ma'aikatansu sun riga sun san yaren. Halin Malam Abban Hanifa daban ne.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum. Ɗana Abban Hanifa, rashin barcin nan naka shi ya nuna ka san aikinka. Bari na ba ku labarin kasuwar hannun jari ta Landan, don ita ce misalin da ya fi kama da naku, daga Windows zuwa Linux, kuma na bi labarin tun yana faruwa.

A 2007 suka ƙaddamar da tsarin cinikinsu mai suna TradElect, an gina shi kan Windows Server da .NET, dandalin rubuta manhaja na Microsoft, kamfanin Accenture ne ya yi aikin. Ranar 8 ga Satumban 2008 tsarin ya tsaya kusan awa bakwai. Kuma ba a rana ta banza ba, washegarin da gwamnatin Amurka ta karɓe manyan kamfanonin lamunin gidaje Fannie Mae da Freddie Mac ne, ranar da kowane dillali ke son saye da sayarwa. Ka ƙiyasta a rufe ƙofofin Kantin Kwari ana saura kwana biyu Sallah. A 2009 aka naɗa sabon shugaba, Xavier Rolet, ya sayi wani kamfanin Sri Lanka mai suna MillenniumIT kan dala miliyan 30, wanda manhajarsa kan Linux take gudana.

To nan nake so ku buɗe kunne. Mutanen nan suna da kuɗi, suna da injiniyoyi iya son ransu, kuma kamfanin da ya rubuta manhajar ya zama nasu. Duk da haka ba su kwashe komai rana ɗaya ba. Sun fara da ƙaramar kasuwarsu, Turquoise, a Oktoban 2010. Saurin ya ba kowa mamaki, ciniki ɗaya a kimanin kashi 126 cikin miliyan na daƙiƙa, alhali tsohon tsarin da kashi cikin dubu ake auna shi. Amma a farkon Nuwamba Turquoise ta tsaya kusan awa biyu, sai suka ɗage mayar da babbar kasuwar har zuwa 14 ga Fabrairun 2011. Sun yi ta gwaji da dillalai a ƙarshen mako kafin nan. Bayan duk wannan taka-tsantsan, ranar 25 ga watan kasuwar ta sake tsayawa sama da awa huɗu saboda matsalar bayanan farashi.

Linux ya ɗauki kayan, har yau yana ɗauka. Amma daga sayen kamfanin zuwa ranar komawa an yi sama da shekara, kuma an yi tuntuɓe sau biyu a hanya. Ku mutum huɗu ne, a kwana huɗu.

Sadauki_Ubuntu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ai labarin nan goyon bayana yake yi. Windows ya faɗi, Linux ya cece su.

Baba Injiniya:
A'a ɗana, kada ka sa mini magana a baki. Kasuwar ba ta taɓa cewa Windows ne ya jawo faɗuwar 2008 ba. Kuma tsarin Linux ɗin ma ya tsaya, na faɗa maka ranakun. Abin da suka sauya ya wuce babbar manhaja, manhajar cinikin ce gaba ɗaya aka maye da wata. Yawancin wahalar ƙaura tana cikin kayan da ke zaune a kan sabar, da mutanen da suka saba da su.

Ɗan Zazzau:
Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Shekara goma sha biyar ina kula da Windows Server, kuma shawarata ita ce kada ku koma. Ku duba birnin Munich na Jamus. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux, sai 2013 suka kammala kwamfutoci kusan 15,000, shekara goma cur. A 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. In Jamusawa da tsarinsu suka yi ta gaba da baya, mu fa?

Na biyu, maganar tsaro da ake cika baki da ita. An manta Heartbleed, ɓarakar tsaron da aka gano a manhajar ɓoye sirri ta OpenSSL a 2014? An manta Maris na 2024, da aka gano wani ya shafe shekaru yana shiga jikin masu kula da XZ, manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, har ya dasa ƙofar baya a ciki? Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya gano, don kawai ya lura shiga saba daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Da bai lura ba fa?

Na uku, kuma shi ya fi damuna, Malam Abban Hanifa ya ce shi kaɗai ya iya. Ran da ya kwanta asibiti, ko ya samu aiki a Abuja, wa zai riƙe kamfanin? Mai Windows ko yau ka nema a Kano za ka samu goma. Araha ba ta ado.

Sadauki_Ubuntu:
Malam, Munich kwamfutocin tebur ne na ma'aikata, ba sabobi ba, kada a haɗa. Rigimarsu ta takardun Office ce da siyasar majalisa. XZ kuma an kama shi ne saboda tushen manhajar, wato rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe yake, kowa na iya dubawa, kuma bai kai ga manyan sigogin da kamfanoni ke amfani da su ba. Kai kuma me za ka ce kan 19 ga Yulin 2024, da kwamfutocin Windows miliyan 8.5 suka mutu a safiya ɗaya, jirage suka kasa tashi? Ku dai kun saba da danna linzami ne, baƙin allo ke ba ku tsoro.

Ɗan Zazzau:
Sabuntawar CrowdStrike ce ta jawo wannan, kamfanin tsaron kwamfuta ne daban, ba Microsoft ba, ka bincika. Kuma ka iya bakinka, na girme ka a aikin nan.

Admin:
Don Allah a yi haƙuri. Sadauki, maganarka ta ƙarshe ba ta dace ba, ka janye. Mutum ya zo neman shawara, kada mu mayar da zauren filin dambe.

Sadauki_Ubuntu:
Na janye. Malam Ɗan Zazzau ka yafe ni, zafin muhawara ne.

Ɗan Zazzau:
Ba komai ƙanena, ya wuce. Maganarka kan Munich ma tana da ƙamshin gaskiya, tebur daban saba daban. Amma batun ma'aikata ina nan a kai.

Maman Khalifa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni rumbun bayanai nake kula da shi, kuma na yi irin wannan ƙaurar a inda nake aiki, daga SQL Server na Microsoft zuwa PostgreSQL na kyauta. Malam Abban Hanifa, har yanzu ba wanda ya tambaye ka abin da ke kan sabobin nan 58. Wannan ce tambayar farko.

Ka raba su. Akwai waɗanda komawarsu ba wuya: sabar shafin intanet, sabar ajiye fayil da Samba, manhajar da ke haɗa Linux da kwamfutocin Windows, zai riƙe ba tare da ma'aikata sun ma lura ba, DNS da DHCP masu kula da sunaye da adireshin na'urori, sabar sa ido, sabar bakap. Akwai masu wuya amma mai yiwuwa. Akwai kuma waɗanda ba za su koma ba ko za a shekara ana ƙoƙari, misali duk manhajar da aka rubuta da tsohon .NET Framework, domin Windows kaɗai ta sani. Sabon .NET, wanda ya fara fitowa a 2016 da sunan .NET Core, shi ke gudana a Linux, kuma mayar da tsohuwar manhaja kansa aikin mai rubuta manhaja ne, ba na mai kula da saba ba.

Sannan ka faɗa wa shugabanku wannan a fili: SQL Server yana gudana a Linux tun sigar 2017, amma kuɗin lasisinsa na nan yadda yake. Ka cire Windows a ƙarƙashinsa, ka ci gaba da biyan na sama. A kamfanoni da yawa kuwa na saman ne ya fi tsada. In kuɗi ake so a rage da gaske sai an koma PostgreSQL, kuma nan ne aikin yake.

Bari na faɗa maka abin da ya same mu. Mun kwashe bayanai, mun ƙirga layuka, lissafi ya yi daidai, muka ce alhamdu lillahi. Ran Litinin da safe masu karɓar kuɗi suka fara kira, wai ba sa ganin kwastomomi. Dalili shi ne tsohon rumbun yadda aka saita shi bai bambanta babban baƙi da ƙarami ba, ka rubuta "musa" ya kawo maka "Musa". Sabon kuwa yana bambantawa. Shekaru ma'aikata na shigar da sunaye yadda suka ga dama, ba wanda ya sani. Na biyu ya fi ciwo. Sunaye masu ƙugiya, irin su Ɗanladi da Ƙasimu, wasu sun koma alamar tambaya, domin shirin da ɗan kwangilarmu ya rubuta na kwashe bayanan bai kula da tsarin haruffa ba. Sai da muka yi kwana tara muna gyara, muna kwatanta da tsohon rumbun layi-layi. Allah ya taimake mu ba mu kashe shi ba. Da mun goge shi a ranar kamar yadda wani ya ba da shawara, da ban san inda za mu sa kanmu ba.

Sunan fayil ma haka yake a Linux. Rasit.pdf da rasit.pdf abu biyu ne. Manhajar da ta shekara goma tana aiki lafiya za ta iya tsayawa kan wannan kaɗai.

Abban Hanifa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi batun haruffa masu ƙugiya ko a mafarki bai zo mini ba, kuma dilolinmu rabinsu irin waɗannan sunayen ne. Gaskiyar magana ba ni da cikakken jerin abin da ke kan kowace saba. Wasu na gaje su ne daga wanda ya riga ni. Gobe zan fara zagayawa ɗaya bayan ɗaya.

Malam Akawu:
Kafin ka koma wurin shugaba, ka tafi masa da takarda mai gefe biyu. Mu masu lissafi kalmar kyauta tana sa mu ƙara buɗe ido. A gefe ɗaya ka rubuta abin da kuke biya yanzu. Malam Ɗan Zazzau zai fi ni bayanin yadda ake lissafa shi. A ɗaya gefen ka sa kuɗin horar da mutum uku, kuɗin jarrabawarsu, kuɗin ɗan kwangilar da zai sake rubuta manhaja, kuɗin tallafi in za ku saya, da watannin da za ku riƙe tsari biyu lokaci ɗaya kuna shan man janareta da sanyaya ɗaki na duka biyun. A ƙasa kuma ka rubuta abin da kamfani ke asara in lodi ya tsaya yini ɗaya. Ka lissafa na shekara biyar. Na tabbata Linux zai yi nasara a takardar, amma shekarar farko za ku iya kashe fiye da yadda kuka saba. Gara ya ji daga bakinka yanzu.

Ɗan Zazzau:
Lissafin kuwa tun sigar 2016 da ƙwayoyin furosesa ake yinsa, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba ko da naka ba su kai ba. Lasisin Standard VM biyu yake ba ka dama, na Datacenter ba iyaka. Ga kuma CAL, lasisin shiga saba, na kowane ma'aikaci ko na'ura. Ka lura da wannan: muddin ka bar Active Directory, mai riƙe sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata, ko wata sabar Windows da ma'aikata ke shiga, CAL na nan. Kuma ka duba, sau da yawa kamfani na biyan lasisin sabobin da ba sa aikin komai. Ka kashe su ka ga ragin da za a samu tun kafin a taɓa Linux. Wani abu kuma, tallafin 2016 zai ƙare a Janairun 2027, don haka ko kun koma ko ba ku koma ba akwai aiki a gabanku.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina bin muhawarar tun jiya. Tunda an kawo Munich, bari na kawo jandarmomin Faransa, su sun yi nasara. Ba su fara da babbar manhaja ba. Sun fara sauya Office da OpenOffice, suka sa Firefox da Thunderbird, duk a kan Windows, har ma'aikata suka saba. Sai a 2008 suka sanar da komawa Ubuntu, suka riƙa yi sannu a hankali tsawon shekaru, dubban kwamfutoci. Ran da aka sauya ta ƙasan, jandarma ya zauna ya ga kayan aikin da ya sani ne a gabansa. Na san wannan ma tebur ne, amma dabarar ɗaya ce a saba. PostgreSQL yana gudana a Windows. Ku fara mayar da manhajar kansa a can, in ta zauna daram sai a janye Windows daga ƙarƙashi. Kada a sauya abu biyu rana ɗaya, don in ya lalace ba za ka san wanne ne mai laifi ba.

Baba Injiniya:
Madalla da wannan. Ga kuma ɗaya gefen, abin da ke faruwa in aka yi gaba ɗaya. Bankin TSB na Birtaniya, Afrilun 2018. Ba maganar Linux ba ce, ƙaura ce daga tsarin Lloyds zuwa sabon tsari na masu bankin a lokacin, Sabadell na Sifaniya. Suka kwashe bayanan mutane sama da miliyan 5 a ƙarshen mako ɗaya. Makonni mutane ba sa iya shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumbar shekarar, a 2022 kuma hukumomi suka ci su tarar kusan fam miliyan 49. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake so ka riƙe, ɗana, kowace saba da za ka taɓa ka rubuta a takarda yadda za ka dawo da ita cikin awa ɗaya in abu ya ƙi. Kuma bakap ɗin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, kada ka kira shi bakap. Na ga babban mutum yana hawaye a ɗakin saba ƙarfe uku na dare saboda faifan da ya dogara da shi shekara biyu ashe fanko ne.

Hauwa_Dev:
Tambaya daga ɗaliba, a yi mini afuwa in ta fita daga layi. In an ce Linux, wanne? Na ga Ubuntu, Debian, Red Hat, Rocky. Ba duka ɗaya ba ne?

Maman Khalifa:
Tambayarki na kan layi ƙanwata, ita ce ma ta gaba. Zuciyar ɗaya ce, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, amma masu haɗawa da masu ɗaukar nauyin faci daban-daban ne, kuma ga kamfani wannan ne abin dubawa: wa zai ci gaba da ba ka facin tsaro, har zuwa yaushe.

Akwai darasi a CentOS. Shekaru kamfanoni sun dogara da shi saboda kwafin Red Hat ne ba tare da biya ba. IBM ya sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, da aka sa ran zai kai 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Wanda ya gama ƙaura kansa wata ɗaya kafin sanarwar sai ya sake ɗaura ɗamara. Daga nan Rocky Linux da AlmaLinux suka fito. Abin lura shi ne sun iya fitowa ɗin, saboda tushen a buɗe yake, wasu suka ɗauka suka ci gaba. Da rufaffiyar manhaja ce sai dai a yi haƙuri.

Red Hat na ba da shekara goma amma da dala ake biya, kun koma gidan jiya ta wani fannin. Ubuntu LTS, sigar mai dogon tallafi, shekara biyar kyauta, goma in an biya Pro. Debian ba kamfani ne ke riƙe da shi ba. Ni a wurina zaɓin ba na sha'awa ba ne: ka tambayi masu manhajar da kuka saya wanne suka amince da shi a rubuce, shi za ka sa. Kuma ku tsaya kan guda ɗaya. Mutum huɗu ba za su iya kiwon iri uku ba.

Sadauki_Ubuntu:
Anti, na yarda da wannan. Na kuma yarda kwana huɗu ya yi kaɗan, ban yi tunanin rumbun bayanai ba. Amma ina roƙon kada tsoro ya sa a fasa gaba ɗaya. Haka ake cewa sannu a hankali har shekara biyar ta wuce ba a taɓa komai ba, ana ta tura dala waje. Yaran da ke fitowa daga jami'o'inmu da yawa sun iya Linux, aiki ne ba su samu ba. In manyan kamfanoni ba su fara ba, yaushe za a samu ƙwararrun da Malam Ɗan Zazzau ke cewa babu?

Ɗan Zazzau:
Wannan maganar taka ta shige ni. To a sa rana a takarda, kowane rukuni da watansa. Amma Active Directory a bar shi a ƙarshe, ko ma a bar shi ɗungurungum. Sabobin Linux na iya shiga ƙarƙashinsa ta manhajar SSSD, ma'aikaci ya shiga da kalmar sirrinsa ɗaya. Na san Samba na iya zama a madadinsa tun siga ta 4, amma wurin da ke da depo a jihohi da ɗaruruwan kwamfutoci, ranar da shiga ta ƙi, kowa ne zai tsaya, daga mai gadi har shugaba.

Abban Hanifa:
Salam. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana uku, ina cikin ɗakin saba ni da yarana. Ga abin da muka tarar.

Cikin 58 ɗin, tara ba sa aikin komai. Ɗaya ma tun wani aikin gwaji da aka watsar shekaru huɗu da suka wuce take kunne tana shan wuta. Malam Ɗan Zazzau, maganarka ta fito. Mun cire musu waya, za mu jira wata ɗaya mu ga ko wani zai yi kuka kafin mu goge.

Ashirin da ɗaya irin waɗanda Hajiya ta ce ba wuya ne. Sha shida na rumbun bayanai ne da manhajar kasuwanci. Sauran sha biyu ba za su motsa yanzu ba, kuma ban da waɗannan 58 ɗin na ga abin da ya tayar mini da tsikar jiki. Akwai wata tsohuwar na'ura a ƙarƙashin tebur a ofishin sikeli, ba ma a ɗakin saba take ba, ba ta cikin lissafina na farko sai da muka bi waya muka same ta. Ita ke karɓar nauyin kowace tirela daga sikelin bakin ƙofa ta tura wa manhajar rasit. Tana da ɗan makullin USB da in babu shi manhajar ba ta buɗewa, kuma kamfanin da ya sayar mana ya daina aiki. Da mun bi umarnin Sallah, ranar da aka dawo aiki ba motar da za ta fita daga masana'anta, kuma da sai mun yini muna neman dalili. Manhajar albashi ma tsohon .NET Framework ce, wanda ya rubuta ta ya bar ƙasar, tushenta ba ya hannunmu.

Jiya na shiga wurin shugaba da takardar da Malam Akawu ya ce. Na ba shi labarin Landan da na TSB kamar yadda Baba ya bayar. Da farko ransa bai so ba, ya ce an faɗa masa abin ba wuya. Sai na roƙe shi ya taso mu je ofishin sikeli, na nuna masa na'urar da idonsa, na ce ranka ya daɗe, in wannan ta tsaya, lodi ya tsaya. Ya yi shiru, sannan ya ce nawa ne kuɗin horar da yaran.

Baba Injiniya:
Alhamdu lillahi. To me kuka tsayar?

Abban Hanifa:
A hutun Sallah saba uku kawai za mu mayar: ta sa ido, DNS na biyu, da sabar fayil ta sashenmu, don in ta lalace mu za ta shafa. Tsofaffin za su zauna a kashe amma ba a goge ba har wata uku. Ya amince yarana biyu su yi kwas su zauna jarrabawar RHCSA ta Red Hat, kuma za mu ɗauki mutum ɗaya sabo. Rukunin farko zuwa ƙarshen shekara, rumbun bayanai a shekara mai zuwa bayan an rufe lissafin shekara, Active Directory yana nan. Guda shidan nan na 2012 R2 su ne gaba a layi, waɗanda ba za su koma ba za mu killace su daga intanet. Mun karkata ga Rocky ko Alma, masu bin sawun Red Hat, saboda jarrabawar da yaran za su yi, amma ina jiran amsar masu manhajar kasuwancinmu a rubuce.

Hajiya Maman Khalifa, in ba damuwa ina so ki turo mini jerin abubuwan da kika gwada kafin ku buɗe wa ma'aikata, musamman na haruffan nan.

Maman Khalifa:
Ba damuwa, zan tura maka da daddare in na sallami yara. Ka fara tattara sunayen diloli hamsin masu ɗ da ƙ da ɓ, da masu alamar ɗauri irin su Sa'adu da 'Yar'adua, da waɗanda aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla. Da su za ka gwada kowane kwafi. Na'urar sikelin nan kuma ka ɗauki hoton faifanta gaba ɗaya yau ɗin nan, kafin ka yi komai, ka ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban.

Abban Hanifa:
Na riga na aika yaro ya sayo faifai, yana hanya.